Gwajin yawun nan da na yi: takaici, kuka, sannan wani takaicin

Tun azumin bara ƙanwata da ke karatu a Ingila ta dame ni sai na yi gwajin ƙwayoyin halitta na gano asali. Da ta zo hutu ta taho min da kwalinsu, 'yar kwalba ce ka tara yawu a ciki, wai kar ka ci kar ka sha komai rabin awa kafin nan. Ita ta koma da shi, don wallahi ban yarda in aika ta gidan waya daga Gombe ba.

Kusan wata biyu ina jira, da sakamako ya fito na buɗe jikina na rawa, sai na ga an rubuta min wai mafi yawan jinina Najeriya ne, ɗan Mali, ɗan Senegal, ɗan Arewacin Afirka. Haba jama'a! Kuɗin nan duka don a ce min ni ɗan Najeriya ne? Babu Fulani babu Tera babu Bolawa, alhali kakata ta wajen uwa Batera ce kowa ya sani. Sun haɗe mu da kowa a kwando ɗaya, saboda mutanenmu da suka yi gwajin ba su da yawa balle a samu wanda za a gwada ka da shi. Ranar na yi niyyar in ce kowa ya riƙe kuɗinsa.

Bayan kwana uku na shiga wajen da suke jero waɗanda jininku ya haɗu. Na farko wata mata ce mazauniyar Landan, suka ce alamu kakannin kakanninmu ɗaya. Na tura mata saƙo ba don na sa rai ba, sai ga amsa da Hausa, irin Hausar nan mai gauraye da Larabci, ta ce iyayenta 'yan garin Mai Wurno ne a Sudan kusa da Sennar, kuma a gidansu ana cewa kakan babanta daga ƙasar Gombe ya fito yana saurayi.

Nan fa na kasa zama. Marigayiya Dada, mahaifiyar babanmu, kullum sai ta ba mu labarin wan mahaifinta da ya bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira, Turawa suka cim musu a Burmi nan wajen Bajoga a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi, ragowar suka bi ɗansa Mai Wurno suka yi gabas da niyyar Makka. Ba a sake jin ɗuriyar wan mahaifin nata ba, gida suka ɗauka ya yi shahada. Mu yara muna jinsa kamar tatsuniya, Allah ya yafe mana.

Na kai wa Bappa wayar har shagonsa, matar ta turo hoton kakanta, ya daɗe yana kallo sai ya ce “wannan ai goshin gidanmu ne”, hawaye na zuba. Muka haɗa su a WhatsApp ya tambaye ta sunayen iyaye, biyu suka yi daidai da namu, na ukun ta ce sai ta tambayi goggonta, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tarwatsa su, ba kullum ake samunta ba.

To amma kamfanin nan ba su kyauta ba. Bishiyar zuri'a da matar ta haɗa da hannunta, in na taɓa sai su ce in biya kuɗin wata-wata, da dala kuma. Na biya wata ɗaya, takardun da suke alfahari da su duk ƙidayar Amurka ce da rajistar coci-cocin Turai, na rubuta Nafada, Dukku, Gombe Abba, ko layi ɗaya babu. Na ce a dakatar, wata na zagayowa suka sake cira daga katin ƙanwata, har yau muna ta saƙo ba a dawo da su ba. Ga yawuna yana hannunsu, abin na damuna in na tuna.

Bishiyar dai a takarda matar ta zana mana ta ɗauko hoto ta turo, Bappa ya sa na kai an buga an saka a gilashi.