Asibitin da ya saurari Hajiyarmu

Wata huɗu Hajiya tana fama da busasshen tari, mun sayi maganin tari kwalba-kwalba a kemis, shiru. Talatar makon jiya na kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Kano, inda ake duba masu hawan jini.

Mun isa ƙarfe 8, ba mu ga likita ba sai wajen 11 da rabi. Benci ya yi kaɗan, tsofaffi a tsaitsaye, mai yankar kati kuwa ko ɗaga kai ba ta yi. Wannan kam ya kamata su gyara.

Da muka shiga, likitan ya ce, "Mama, yaya jikin?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi," kamar yadda iyayenmu suka saba ko da ba su runtsa ba. Sai ya ajiye biro ya ce, "Mama, jiya kin samu barci?" Nan fa bakinta ya buɗe. Ta faɗi tarin, ta faɗi ciwon gwiwar da ke hana ta sujada, har da jiƙon da maƙwabciya ke kawo mata, wanda ni kaina ban san da shi ba. Bai katse ta ba, bai yi mata faɗa ba.

Na zo da duk magungunanta a leda, ya zazzage su a kan tebur yana ɗauka ɗaya-ɗaya. Ya nuna lisinopril, maganin hawan jinin da take sha, ya ce yana sa wasu busasshen tari, ya tambayi yaushe ta fara sha. Muka lissafa, sai ga shi makonni kaɗan ne kafin tarin. Diclofenac ɗin da take sha don gwiwa kuma, ya ce yana ɗaga jini, yana wahalar da ƙoda. Awon jininta ranar 160/95.

Ya sauya mata lisinopril ɗin zuwa losartan, wani maganin hawan jinin, ya rubuta gwajin ƙoda, ya ce a ajiye jiƙon tukuna. Abin da ya fi burge ni, sai da ya sa ta maimaita da bakinta, da Hausa, yadda za ta sha kowane magani.

Wanda zai je, ya yi sammako, ya riƙo ledar magungunansa. Mu an ce mu koma bayan mako biyu da awon jininta na kullum a rubuce. Tarin bai tafi duka ba, dama ya ce zai iya ɗaukar makonni, amma daren jiya ban ji motsinta ba sai asuba.