Wanda ya tsaya wa mai ba da bashi

'Yan uwa na Damagaram, ina gaida ku daga birnin Marsai na ƙasar Faransa.

Watan jiya na je neman rancen sayen keken ɗinki mai aiki da wuta. Gabana na ta faɗuwa a hanya, don ban manta ranar da wani banki a gida ya ce in kawo takardar fili ba, ni da ko kango ban gada ba. Awa uku na yi a kan benci kafin a faɗa mini haka, kuma mai faɗar bai ko ɗaga kai ya dube ni ba.

A nan ADIE na je, ƙungiyar ba da ƙananan rance da Maria Nowak ta kafa a 1989. Matar da ta karɓe ni ta ba ni kujera, ta tambayi masu kawo mini ɗinki da kuɗin hayar shago. Abin da ta nema shi ne mutum ɗaya ya tsaya mini a kan rabin kuɗin.

Na kasa haƙuri, na tambaye ta inda suke samo kuɗi tunda ba sa karɓar ajiya. Ashe su ma rantowa suke yi daga manyan bankuna! Bankunan kuwa sun yarda ne saboda akwai masu tsayawa a baya: wani asusu da gwamnatin Faransa ta buɗe a 2005, da asusun zuba jari na Tarayyar Turai. In wasunmu suka kasa biya, waɗannan za su ɗauki wani kaso na asarar. Gwamnati ba ta raba ko sisi ba, lamuni ta tsaya, kuɗin banki ya gangaro har hannun tela.

Kuɗin ruwan da ke kai yana damuna, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya hana ni barci halinmu ne. Mu da ba ma wasa da zubin adashi, da mun ji hannun gwamnati a cikin bashi sai mu ce rabonmu ne ya tsaga. Wa zai tsaya wa ƙaramin asusun ba da rance na unguwa can gida in haka muke? Shi ya sa yake ta juya 'yan kuɗin ajiyarsa, mata masu ƙuli-ƙuli suna jiran layi wata da watanni.

Keken ya iso ranar Talata. Da na kunna shi sai ƙarar ta tuna mini rumfar teloli ta Kasuwar Dole, na daɗe zaune ban sa yadi ba.