Saƙo Daga Osaka: Yaya, Na Duba Maka Na'urar Nan

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya kasuwa, ya ɗawainiyar yara? Ina fata Hajiya ta samu sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, ga aikin kwance injinan mota da ba ya ƙarewa.

Ka ce in duba maka Nintendo Switch, ko za ta yi a gidan gem ɗinka, tunda yara sun fara tambayarka ita. Na ba ta Asabar biyu cur. Ta farko na je Yodobashi Camera da ke Umeda, ta biyu na bi shagunan unguwar Nipponbashi, wadda ake kira Den Den Town. Ka ɗauke ta kamar Fam Santa ɗinmu, sai dai babu mai jan rigarka, kuma farashin da aka liƙa shi ne farashi, ba a tayi.

Ita na'urar ba ta da wani siddabaru. Allo ne da fad biyu a gefe, kana riƙe ta a hannu kamar waya, in ka dawo gida ka zura ta a mazauninta hoto ya koma talabijin. Abin da ya fi burge ni saboda kai shi ne batir: a ɗauke wuta, wasa bai yanke ba, yaro ya zare ta ya ci gaba. Ta farko ta fito ranar 3 ga Maris 2017 a kan yen 29,980 kafin haraji. Sabuwar, Switch 2, ta fito ranar 5 ga Yuni 2025, kuma a nan ne aka fara yi mana wayo. Iri biyu suka yi wa Japan. A lokacin fitowar akwai ta yen 49,980 wadda Japananci kaɗai take ji, ba ta karɓar asusun wata ƙasa. Akwai mai harsuna da yawa a kan yen 69,980, ita kuma a shagon kamfanin na intanet suka sa ta. Sun yi haka ne don darajar yen ta faɗi, kada irinmu mu kwashe masu araha mu tura waje. A Amurka dala 450 aka sa mata. Lokacin fitowarta ma ƙuri'a aka yi, mutum wajen miliyan 2.2 suka shiga zagayen farko a Japan kawai, kuma sai wanda ya buga tsohuwar aƙalla awa 50 aka bari ya shiga. Don haka in wani ya kawo maka Switch 2 daga Japan da araha mai ban mamaki, kunna ta a gabansa ka ga harshen da take yi.

Amma Yaya, ba kuɗin na'urar ne zai cinye ka ba. Kasko ne kawai, man da za ka riƙa zubawa shi ne magana.

Mario Kart World, wasan tseren da aka fito da ita da shi, kaset ɗinsa yen 9,980 ne a nan, dala 80 a Amurka. Na tsaya ina jujjuya kwalin, abu kamar katin waya, ina tuna faifan PS2 da muke saye a Bata da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Na san waɗancan kwafi ne, Allah ya yafe mana. Akwai wani ɗan Japan da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a, aikinsa zanen hotunan gem ne a wani ƙaramin kamfani, shi na tsare da tambaya. Bayaninsa ya shige ni. Ya ce a da kamfanin Nintendo, wanda hedikwatarsa ke Kyoto, kusa da mu, gida biyu yake ciyarwa: na'urar hannu daban, ta talabijin daban, kowace da wasanninta da ma'aikatanta. Wasan na'urar hannu irin 3DS ba ya cin kuɗi sosai, don allon ƙarami ne, ba sai an zana kowane ganye a kan bishiya ba. Sai aka zo Wii U, na'urarsu ta talabijin, a 2012, wadda ke buƙatar hoto tangaran, aikin ya yi wa kamfanin yawa, ana shafe watanni babu sabon wasan kirki. Mutane suka ƙi saye, ba ta kai miliyan 14 ba har ta mutu. Shi ya sa suka haɗe ma'aikatan wuri guda a 2015, suka yi na'ura ɗaya tak da kowa zai yi wa aiki. Dabarar ta ci, Switch ta haura miliyan 150.

Sai dai tunda kowane wasa yanzu dole ya yi kyau a babban talabijin, wasa mai arahar ƙira irin na da ya ragu a wurin manyan kamfanoni. Dubi wasan Zelda na Nintendo: wanda ya fito da Switch a 2017, magajinsa sai 2023. Shekara shida ana biyan ɗaruruwan mutane albashi kafin sisi ya shigo. Nintendo ba ya faɗin abin da ya kashe, amma na Sony, mai PlayStation, ya fito fili a 2023, lokacin shari'ar sayen kamfanin gem na Activision da Microsoft ya yi, sa'ad da aka shafe wasu lambobi a takardar kotu shafewar ba ta kama ba. Aka ga The Last of Us na biyu ya ci dala miliyan 220, Horizon Forbidden West miliyan 212. Gem ɗaya fa, Yaya. Ni ko lissafinsa a naira ban yi ba don kada in kasa barci.

Wani abin kuma, wasannin Nintendo ba sa faɗuwa. Na PlayStation in ya shekara sai ka ga ya zube, amma Mario Kart 8 Deluxe na 2017, wanda aka sayar da fiye da miliyan 60, har yau a shagon na hannu irin Book Off yana riƙe da mutuncinsa. Wannan yana da daɗi ranar da za ka sayar, babu daɗi ranar da za ka saya.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada ka yi gaggawa. A sabuwar na'urar sun shigo da wani kaset da suke kira Game-Key Card. Kwali kamar kowane, kaset kamar kowane, amma babu wasan a ciki. Makulli ne kawai. Ka zura shi, na'urar ta ce sai ka haɗa intanet ka sauke wasan gaba ɗaya, bayan nan kuma duk lokacin da za ka buga sai makullin na ciki. Dalili kuɗi ne: faifai roba ne mai araha, shi kuwa kaset ma'ajiya ce mai gudu, kowane ɗaya da kuɗinsa, kuma in wasa ya girma kaset ɗin ya ƙara tsada. Sai kamfanoni da yawa da ba Nintendo ba suka zaɓi makullin. Ni kaina na faɗa. Na saya wa yaron wani abokina ɗaya, ban karanta rubutun da ke ƙasan kwalin ba, muka zauna jiran ya sauka har yaron ya yi barci. Nan fa intanet na gida ne, a wata ake biya, ba a ƙirga shi. Kai da ke sayen data giga-giga, ka ce wasa ɗaya ya nemi giga 50 ko fiye? Kuma cikin na'urar giga 256 ne, in ya cika ba ta karɓar memorin da muka saba da shi don ajiye wasa, sai wani sabo mai suna microSD Express, shi ma da nasa kuɗin. Wato tsadar da kamfani ya guje wa, a kan mai saye ta sauka, kuma mai saye na Kano ya fi na Osaka jin ta. Akwai masu kirki: Cyberpunk 2077 sun zuba shi duka a kaset mai giga 64. Amma sai ka duba kwali ɗaya bayan ɗaya.

Sai ƙwallo, wanda na san shi ne abincin shagonka. Tsohuwar Switch ƙarfinta bai kai na PS4 ba, kuma mayar da babban wasa ya shiga ƙaramar na'ura aiki ne na daban mai cin kuɗi. Shekaru da dama FIFA ta Switch ita ce dai ta bara, a canza riguna da sunayen 'yan wasa a rubuta mata Legacy Edition. Sai a 2023, da aka koma sunan FC 24, suka gyara ta. Duk da haka yaron da ya saba da ta PlayStation zai ce maka 'yan wasan sun yi nauyi. Kuma waɗannan ƙananan fad ɗin ba za su jure hannun yaran Fagge ba, sandarsu tana da ciwon karkata da kanta ko a hannun mai lallaɓawa.

Inda take da arziki shi ne ƙananan wasanni. Stardew Valley mutum ɗaya ne ya ƙera shi a Amurka cikin shekara huɗu da wani abu, irinsu dubbai ne a shagonsu na intanet, da araha. Matsalar dai shagon ba a buɗe shi wa Najeriya ba, sai mutum ya yi rajista da wata ƙasa ya nemi katin kuɗinta.

Shawarata, kada ka taɓa PS4 ɗinka ko ɗaya. Switch 2 a bar ta tukuna. Na saya maka tsohuwar, ta hannu amma fes, da babban fad biyu da kaset uku masu wasa a ciki: tseren Mario, dambe na Smash Bros, da Mario Party, duk waɗanda mutum huɗu ke bugawa a allo ɗaya. Ita ba ruwanta da ƙasa, na mayar da ita Turanci. Cajarta tana ɗaukar wutarmu, bakin soket kawai za ka canza. Ka gwada ta wata biyu a kan ƙananan yara da rana, lokacin da ba ka tada janareta, ka gaya mini abin da ta kawo. Kaset ɗin kuma ka kulle su a durowa, ƙanana ne, aljihu ɗaya ya ishe su. An shafa musu wani abu mai ɗaci don kada jarirai su haɗiye, na lasa don in tabbatar, maɗaci ma ya san da shi.

Wanda zai taho da kayan zai sauka Kano ƙarshen wata, zan turo maka lambarsa. Akwai man zafi na Hajiya a cikin jakar, kada ya bi shago. A gaida Anti da yara.