Na wuni da Chevrolet Bel Air ƙirar 1957

Tun zuwana jihar Mishigan ta Amurka nake ganin tsofaffin motocin nan a titin Woodward, musamman cikin watan Agusta da masu su ke fito da su yawo. Bana na ce sai na riƙe sitiyarin ɗaya. Na karɓi hayar Chevrolet Bel Air ƙirar 1957 a hannun wani dattijo da ke ba masu biki hayar irinsu, na wuni da ita tun daga hantsi har bayan la'asar.

Bayanta ne ya fara ɗauke mini hankali. Fukafukai biyu sun miƙe sun yi tsini, kowanne an bi bakinsa da ƙarfe mai walƙiya, a gefe kuma an manna farantin alminiyam mai layi-layi wanda ke buɗewa kamar mafici. Wannan yayi na fukafuki ya faro ne daga Cadillac ta 1948, zamanin da Harley Earl ke shugabantar sashen zane na General Motors, kamfanin da ke ƙera Cadillac da Chevrolet, kuma daga jelar jirgin yaƙin P-38 aka samo shi. A hoto na ɗauka ado ne kawai da ya yi yawa. Da na tsaya kusa na shafa, sai na ga fukafukin ne ke ja wa motar tsawo, ya sa tana tsaye amma kamar tafiya take. Dattijon ya kai hannu kan na hagu, ya buɗe wani ɗan yanki na ƙarfen, sai ga bakin tankin mai a ɓoye a ciki. Masu zanen sun ƙi yarda su huda gefen motar don kada murfi ya ɓata layin. Nan ta gama da ni.

Fentinta shuɗi ne mai haske, rufin fari, ragar gaba ruwan zinare. Ciki kuwa kujerar gaba doguwa ce guda ɗaya, mutum uku su zauna a sake. Giya a jikin sitiyari take, gilashin gaba ya lanƙwaso har gefe, sai ka ga titi a buɗe kamar kana zaune a baranda. Maɓallin ƙara hasken fitila ma a ƙasa yake, da ƙafar hagu ake taka shi.

Injinta V8 ne mai lita 4.6, wanda Amurkawa ke kira 283. Ba ya ihu, gurnani yake yi a hankali har ka ji shi a kujera. Giyar Powerglide, mai sauya kanta, hawa biyu kacal gare ta, don haka tana ɗaukar gudu ne a natse, ba fizga.

Sai dai tuƙinta na son natsuwa. Sitiyarin faɗi gare shi kamar faranti, sai ka juya sosai kafin ta amsa, kuma a kwana jikinta na karkata. Birkin na ganga ne a tayoyi huɗun, dole ka fara takawa tun da nisa. Bel ɗin kujera da ke ciki ma daga baya aka sa shi, don sai 1968 doka ta wajabta shi a sababbin motoci a Amurka. Mai kuwa tana sha, ba wasa. Ƙorafina ɗaya na kan mai hayar ne: gilashin ƙofar dama ba ya hawa har ƙarshe, kuma bai faɗa mini ba.

Ban taka ta da gudu ba, ban ma ji sha'awar hakan ba. Na buɗe ɗan gilashin kusurwa iska na shigowa, ina tafe a sannu. A wata danja wata tsohuwa ta sauke gilashinta ta ce mahaifinta ya taɓa mallakar irinta, ja ce tasa. Har aka ba mu hannu tana kallon fukafukan. Na riga na gaya wa dattijon ya ajiye mini ita a Agusta mai zuwa, in ya gyara gilashin.