Gargaɗi kan masu tallan koyar da lambobin asibitin Amurka

Jama'a, a yi hattara da tallan nan da ke yawo a Facebook da WhatsApp, wai a koya maka "lambobin cajin asibiti" cikin 'yan kwanaki, ka zauna a ɗakinka kana yi wa asibitocin Amurka aiki ana biyanka da dala. Sana'ar gaskiya ce a can, shi ya sa ƙaryar ke saurin shiga. Ka biya kuɗin rajista, a turo maka jerin lambobin CPT, wato lambobin da ake sa wa kowane aikin likita a Amurka don a caji kuɗinsa, da satifiket ɗin da suka buga da kansu. Daga nan sai a ce kawo kuɗin "sama maka aiki". Kana turawa a toshe ka.

Haddace lambobi ba shi ne aikin ba. Ɗauki ɗinkin rauni kawai. Ɗinki mai sauƙi a hannu ko ƙafa, wanda tsawonsa bai wuce santimita 2.5 ba, lambarsa 12001. Daga 2.6 zuwa 7.5 ya koma 12002. In a fuska ne, rukuninsa daban, daga 12011. In sai da likita ya ɗinke ta ciki kafin ya rufe fata, an shiga 12031 da 'yan uwanta, mai sarƙaƙiya kuwa daga 13100. Duk wannan daga rubutun likita ake tsamo shi. Wanda ya ɗora lambar da ta fi aikin da aka yi tsada, zamba ce a dokar Amurka, ba wayo ba.

Ga tambayar gwaji da za ka yi wa mai tallan kafin ka tura ko sisi: mutum ya yanke a wuri biyu a hannu, santimita 2 da 3, duka ɗinki mai sauƙi. Wanda ya san aikin zai haɗa tsawon, 5 ke nan, ya ce 12002. Ɗan damfara zai ce 12001 sau biyu, ko ya fara kame-kame da hotunan alat.

Ku kuma tambaye shi littafin wace shekara yake koyarwa da shi, domin ƙungiyar likitocin Amurka, AMA, ce ke da CPT, kuma tana sabunta shi duk shekara. Shaidar da masu ɗaukar aiki suka sani ita ce satifiket ɗin CPC na AAPC ko na CCS na AHIMA, ƙungiyoyi biyu na masu wannan sana'a a Amurka. Jarrabawar CPC tambaya 100 ce cikin awa huɗu, kuma wanda ya ci ba tare da gogewa ba CPC-A ake ba shi, wato ɗan koyo. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hirarsu, ya sanar da bankinsa yau, sannan ya kai ƙara EFCC.