Gone Girl: Rabin Farko Ya Ɗaure Ni, Ƙarshensa Ya Bar Ni da Ƙorafi

Ban saba yabon littafi kafin in kai ƙarshensa ba, amma Gone Girl na Gillian Flynn, wanda ya fito a shekarar 2012, ya sa na fara tallata shi tun ina tsakiyarsa. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, gara ya dakata a nan, domin ba zan iya faɗin abin da ya burge ni ba sai na tona asirin labarin.

Labarin ya fara ne da safiyar ranar da Nick Dunne da matarsa Amy suka cika shekara 5 da aure, ranar da Amy ta yi ɓatan dabo daga gidansu a jihar Misuri ta Amurka, aka tarar da ƙofa a buɗe da kayan falo a hargitse. Marubuciyar ta raba maganar gida biyu: babi guda Nick ne yake ba da labarin binciken 'yan sanda da bakinsa, babi na gaba kuma shafuka ne daga kundin da Amy take rubuta sirrin zuciyarta tun daga ranar da suka haɗu. A cikin kundin nan mace ce mai haƙuri da kawaici, wadda ta bar birnin da ta tashi ta bi mijinta garinsu bayan dukansu sun rasa aikin rubutu a mujallu, tana kallon yadda yake sauyawa a hankali, daga rashin kulawa zuwa tsawa, har ta kai ga neman bindiga saboda tsoronsa. Shi kuwa Nick sai ƙara jefa kansa cikin rami yake yi, yana yi wa 'yan sanda ƙarya, yana murmushi a gaban kyamara kusa da hoton matarsa da ta ɓata, daga baya kuma ta bayyana cewa yana neman wata ɗalibarsa a ɓoye. Kafin in kai rabi, na riga na yanke masa hukunci a zuciyata.

Sai kashi na biyu ya buɗe da muryar Amy, da ranta da lafiyarta, tana tuƙa mota tana nesanta kanta da garin, tana bayani dalla-dalla yadda ta shirya komai. Kundin da ya sa na tausaya mata ƙirƙirarsa ta yi daga farko har ƙarshe domin 'yan sanda su tsince shi. Ita ta yanki hannunta ta zubar da jini a ɗakin girki, ta goge shi sama-sama yadda bincike zai gano, ita ta sa aka ƙara kuɗin inshorar rayuwarta, ita ta ci bashin kaya masu tsada da sunan mijinta ta ɓoye su a rumfar ajiya ta 'yar'uwarsa Margo, duk da sanin cewa jihar tana zartar da hukuncin kisa. A nan na ajiye littafin na yi shiru, sannan na koma baya ina bin shafukan kundin ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda marubuciyar ta yi mini maguɗi, amma ban samu ba. Tarkon da aka ɗana wa 'yan sanda shi ne aka ɗana wa mai karatu, kuma da tausayinsa aka kama shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba jinin ba ne, sanin da suka yi wa juna ne. Amy ta saba shirya wa mijinta wasan farautar kyauta a kowace ranar tunawa da aurensu, tana bar masa 'yan takardu masu ɗauke da kacici-kacici, sai a wannan karon ta jera su yadda kowace takarda za ta kai shi wurin da ya ci amanarta. Babu baƙon da zai iya irin wannan cuta, sai wanda ya kwana ya tashi da mutum, ya san inda yake da rauni.

Sai dai daga nan zafin yabona ya fara sanyi. Matar da ta shafe watanni tana ƙulla makirci ba tare da ta yi tuntuɓe ba, ita ce wasu mutum biyu suka yi wa fashi cikin sauƙi a masaukin da ta ɓuya, abin da na ga an tsara shi ne kawai domin a tura ta wurin tsohon saurayinta Desi. Ta kashe shi, ta dawo gida jina-jina da labarin cewa sace ta ya yi, hukuma kuma ta karɓa duk da ramukan da ke cikin zancen, aka bar Boney, 'yar sandar da ke binciken, da zargin da ba ta da hujjarsa. Wannan bai shige ni ba har yanzu. Zaman da Nick ya zaɓi ci gaba da yi da ita saboda cikin da take ɗauke da shi ya fi mini ma'ana, ko da yake ya ƙona mini rai, domin littafin ya nuna cewa shi ma ba ya iya rabuwa da ita. Ga kuma ashar da maganganun batsa da suka yi yawa, waɗanda ba zan ɓoye wa kowa ba.

An mayar da shi fim a shekarar 2014 ƙarƙashin darakta David Fincher, kuma marubuciyar da kanta ce ta rubuta labarin fim ɗin, amma ina ba da shawarar a fara da littafin, domin yaudarar kundin Amy ta fi kama mutum idan shi kaɗai ne da muryarta a kan takarda.