Bangon Burasal da namu na gida: fenti, aiki da abin da zanen ke faɗa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu sana'ar fenti da rubutun allo.

A Burasal, babban birnin Beljiyam, tun 1991 hukumar birni take ɗaukar nauyin zana taurarin littattafan barkwanci a jikin benaye, yanzu sun haura 50. Ba ado kawai ba ne. Zanen da aka ɗauko daga littafin barkwanci mai suna Odilon Verjus, mai nuna mawaƙiya Josephine Baker, ya sha suka kan yadda yake siffanta baƙar mace, a ƙasar da ta mulki Kwango har 1960. Ba a goge shi ba, sai aka liƙa lambar QR da mutum zai haska da waya ya karanta bayani. A ganina bai wadatar ba, amma an saurari masu ƙorafi.

Abin da ya fi kamata mu ɗauka shi ne shirin bangon. Sai mai gida ya yarda, hukuma ta ba da izini. A wanke bangon da ruwa mai ƙarfi, a toshe tsagu, in an yi sabuwar filasta a bar ta kamar kwana 28. Nan ne aikinmu yake lalacewa. Ana shafa fentin mai a kan ɗanyen siminti, sinadarin simintin ya cinye man, damshi ya rasa mafita, kafin damina biyu ya kumbura ya ɓare. Su a Burasal fentin akirilik na bangon waje suke sawa, mai barin bango ya yi numfashi, bayan shafin farko da ke riƙe shi. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, kuma sau biyu ake shafawa.

Zanen kuwa ba a yin sa da ka. Ana raba takarda gida-gida, a raba bangon haka, ko a haska hoton da majigi da dare a bi layin.

Su sanyi ne matsalarsu, ƙasa da digiri 5 ba a fenti. Mu rana ce, ja mai ƙyalli shi yake fara koɗewa, don haka a nemi ja irin na jan ƙasa.

Ta fuskar gwaninta, masu zanen jikin manyan motocinmu ba su da abin jin kunya. Bangon ne ba a ba su, an bar shi ga fastocin 'yan takara. Da wata makaranta a Kano ko Zinder za ta ba da katanga ɗaya a zana layin masu jarka a bakin famfo, da an ga aiki.